Godiya ga Hajiya mai shagon kayan abincin gargajiya na unguwarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Hajiya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da yaran shagonki, na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a maimakon in tsaya a bakin kanta in faɗa miki, domin abin da zan yaba ba ni kaɗai ya shafa ba. Ba zan ambaci sunan shagon ba, don na san ba kya son a riƙa yayata ki, kuma mutanen wannan yanki namu na Tarauni sun san inda nake nufi. Maganar zuma ce ta kawo ni.

Duk magidancin da ya taɓa neman zuma ta gari a Kano ya san wahalar da ke ciki. Ga ta nan birjik a tashoshin mota da bakin danja da ƙofar masallatan Juma'a, a robar ruwa, a galan, a bokiti, wani lokaci har da ɓarɓashin saƙa da matattun ƙudan zuma biyu ko uku suna yawo a sama don mai saye ya gamsu. Ba na cewa duk mai talla maha'inci ne, da yawansu ma sarowa suka yi ba su san abin da ke ciki ba. Amma kowa ya san ana dafa sukari ko mazarƙwaila har ya yi kauri, a zuba zuma kaɗan don ƙanshi, a kawo kasuwa. Kuma ba mu kaɗai ke fama ba. A watan Maris na 2023 Tarayyar Turai ta fitar da sakamakon binciken zumar da ake shigar mata da ita daga ƙasashen waje, cikin samfuri 320 da aka gwada aka sami 147 da ake zargin an yi musu algus da ruwan sukari, wato kashi 46 cikin ɗari. Idan masu manyan ɗakunan gwaji haka ake yi musu, ina ga mu da ba mu da abin gwaji sai harshe?

Gwaje-gwajen da muka gada ma ba su fitar da kowa. A tsoma ashana a kyasta, in ta kama wai zumar gaskiya ce. A ɗiga a kofin ruwa, in ta nutse ba ta narke ba wai ta ci jarrabawa. Wasu su ce kiyashi ba ya bin zuma tsantsa. Ke ce kika fara ce min, "Malam, duk wannan kauri kawai yake aunawa, sukarin da aka dafa da kyau zai haye su duka. Kiyashi kuwa ba shi da wani malami da ya hana shi shan zuma." Na yi dariya, amma na ga mai kayan sayarwa ce take rushe hujjar da wasu ke amfani da ita su sayar da nasu. Abin da ya rage wa mai saye shi ne ya san daga ina zumar ta fito, wa ya ɗebo ta, kuma yaushe. A nan ne shagonki ya sha bamban.

Kowane bokiti da ke kan kantarki akwai takarda manne a jikinsa, an rubuta garin da aka kawo zumar da watan da aka ɗebe ta. Wannan daga wajen Tudun Wada da Doguwa ce, gefen dajin Falgore. Waccan daga ƙasar Ningi. Ta ƙarshen can daga Gembu, kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, ita ce ba kullum ake samu ba saboda nisan hanya. Kuma ba kya barin mutum ya biya sai ya ɗanɗana, ga ƙananan cokula nan a kofi, kowa da nasa. A wurinki na san cewa zuma ba iri ɗaya ba ce, furen da ƙudan ya bi shi ke ba ta launi da ɗanɗano. Ta bazara, wadda ta fito bayan ɗorawa da kaɗanya da mangwaro sun yi fure, tana da duhu da ƙarfi, ƙanshinta yana daɗewa a maƙogwaro. Wadda aka ɗebo kusa da gari inda darbejiya ta yi yawa tana da ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshe, yara ba su cika son ta ba, mahaifiyata kuwa ita kaɗai take sha a kununta. Ta Mambila, inda bishiyar turare ta cika ko'ina, wani ƙanshi ne da ita na daban wanda da an buɗe murfi za a ji. Kin taɓa ba ni wata 'yar kaɗan ta magarya, kika ce danginta ce ake kawowa daga Yaman da tsada. Da can in na ga zuma baƙa sai in ce ita ce mai kyau, wani kuma ya ce farar saƙa kaɗai ce ta gari, ashe kowacce da bishiyarta.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kike tace ta. Na tarar da yaranki a bayan shago sun farfasa saƙa a cikin rariya, an ɗaura farin ƙyalle a bakin bokiti mai murfi, zumar tana ɗiga da kanta, babu wuta babu matsa. Suka ce min haka za a bar ta har ta tsane, kakin kuma a ware shi daban don akwai masu sayensa. Wanda ya tashi a ƙauye ya san bambancin wannan da yadda aka saba. A hau bishiya da dare a sauko da amya, a cinna wa ciyawa wuta a ƙone ƙudan, a kwashe komai da komai, har saƙar da 'ya'ya ke ciki da wadda ba ta nuna ba, sannan a ɗora tukunya a kan murhu don kakin ya narke ya taso. Zumar da ta fito ta wannan hanya tana ƙaurin hayaki, wuta ta kashe mata ƙanshi, ga toka, ga ruwa ya yi mata yawa. Shi ya sa wata in an ajiye ta sai a ga tana kumfa, ta yi tsami, robar ta kumbura. Ƙudan zuma ba ya rufe saƙa da kaki sai ruwan da ke ciki ya ragu, kuma ma'aunin da duniya ta amince da shi ya ce kada ruwan zuma ya wuce kashi 20 cikin ɗari. Kin ce min ba kya karɓa sai saƙar da aka rufe, kuma kin fi son masu kiwo da akwati, waɗanda ke kore ƙudan da hayaki kaɗan su bar musu gidansu. Ba a shan zuma sai an sha harbi, gaskiya ne, amma babu dalilin da zai sa a ƙone mai yin ta kowace shekara sannan a dawo ana kukan zuma ta yi ƙaranci.

Ga kuma awo. Kwalbar lita ɗaya in an cika ta da zuma nunanniya tana kai kusan kilo 1.4, kuma a gabanmu yaronki yake ɗora ta a sikeli. Kin faɗa da bakinki cewa wannan ba ya kama mai haɗi da sukari, yana dai kama wanda ya ƙara ruwa.

Da damina ta yi nisa na zo saye na tarar bokitan biyu babu komai. Kika ce, "Ta ƙare, Malam, sai an ɗebo ta kaka. In kana sauri ga ta Ningi saura kaɗan." Da kin ga dama da kin aika Kasuwar Kurmi ko Singa an saro miki jarka, kin juye a bokitin, kin bar takardar a manne, babu wanda zai sani. Shagon da zumarsa ba ta ƙarewa rani da damina shi ne yanzu nake tsoro.

Lokacin hunturu ina nan zaune wata baiwar Allah ta shigo da kwalba a hannu, ranta a ɓace, ta ce an sayar mata da sukari, ga shi ya daskare a gindin kwalba. Ba ki ɗaga murya ba. Kika sa aka kawo ruwan ɗumi a roba, kika tsoma kwalbar, kika ba ta kujera. Kafin ta gama zaɓen daddawa da garin kuka zumar ta fara sakewa. Kika yi mata bayani cewa zuma tana da sukarinta na halitta iri biyu, ɗayan shi ne ke daskarewa in sanyi ya shigo, kuma wata ta fi wata saurin yi gwargwadon furenta. Kika gargaɗe ta kada ta ɗora a wuta, kada kuma ta sa jiƙaƙƙen cokali. Sannan kika ce in har zuciyarta ba ta kwanta ba ga kuɗinta. Ta tafi da kwalbarta.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na wani angon ƙarni. Ya shigo da fara'arsa, ya ce, "Mama, a ba ni mafi kyau, kakar yaro ta ce a riƙa lasa masa." Kika tambaye shi kwanan jaririn nawa, ya ce ko suna ba a yi ba. Kika ajiye ludayin kika ce, "Ɗana, in don mai jego ce zan zuba maka, in don jinjiri ne ba zan sayar ba. Ba a ba yaro zuma sai ya shekara." Ya yi turus, ya ce ai ba a kan jabu yake magana ba. Kika ce ko ta wa ce, ko tawa. Gaskiya kika faɗa masa. Zuma mai kyau ma tana iya ɗaukar ƙwayar wata cuta da likitoci ke kira botulizim, wadda cikin babba ba ya jin ta, amma hanjin jariri bai yi ƙwarin da zai kare kansa ba. Yaro sai ya kasa bayan gida, ya kasa kama nono, jikinsa ya saki, kuma tafasa zumar ba ya kashe ƙwayar. Kika ce masa nonon uwa ya ishi yaron har wata shida, ya je ya faɗa wa kakar cikin ladabi, in ba ta yarda ba su tambaya a asibiti ranar rigakafi. Ya sayi ƙaramar kwalba ta mai jego ya fita. Ciniki babba kika rage da hannunki, a gaban mutane.

Haka kike yi da masu ciwon sukari. Na ji kina ce wa wani dattijo, "Baba, zuma ma sukari ce, wajen kashi 80 cikin ɗari. Kada ka ajiye maganinka, ka tambayi likitanka ko nawa za ka iya sha." Dukkanmu mun yi imani da abin da Allah ya faɗa a Suratun Nahli, aya ta 69, cewa a cikinta akwai waraka ga mutane. Sai dai a wannan zamani an sami masu ɗora lasifika a kan mota suna jan ayar, suna lissafa cututtuka tun daga hawan jini har rashin haihuwa, duk don kwalba ta fita. Ban taɓa jin kin sayar da cokali ɗaya da irin wannan ba. In mutum ya ce tari ke damunsa kina cewa a ruwan ɗumi da lemun tsami tana sanyaya maƙogwaro, in ya daɗe kuma a je asibiti.

Zumarki ba ta da araha, wannan ba a ɓoye yake ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya taɓa komai, ga matsalar tsaro da ta hana wasu masu kiwo shiga dazuzzukan da suka saba. Kin ƙara kuɗi kamar kowa, amma kin ƙara a fili, ba ki rage awo a ɓoye ba. Sauran kayan shagon ma, man shanu da acca da riɗi da cittar Kachiya da busasshen zogale, duk a tsabtace suke a rufe, sai dai wannan maganar wata rana ce.

Ina da roƙo biyu. Ki ƙara kawo ƙananan kwalabe, domin akwai masu ƙaramin ƙarfi da ke leƙowa su ji kuɗin lita su juya, alhali rubu'i suke so. Sannan tunda kin fara zubawa a kwalba da murfi, ki nemi rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, don 'yan'uwanmu da ke Abuja da Legas da muke aika wa su sami abin nuna wa masu tambaya.

Ki miƙa gaisuwata ga yaran shago, musamman ƙaramin nan da ba ya gajiya da wanke cokulan ɗanɗano, da kuma masu kiwon zuma na Doguwa da Ningi da Gembu da ba mu taɓa gani ba. Allah ya yi wa kasuwarki albarka, ya kare ki daga asara, ya saka wa iyayenki da alheri.

Wassalam.

Naki,
Wani magidanci mai sayayya,
Tarauni, Kano.