Wata uku ina ɓoye wa matata cewa ban ba da zakka ba

Baba Fasto,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina sauraren shirinku duk Lahadi da yamma, yau kuma ni ne na kawo tawa damuwar. Don Allah a sakaya sunana.

Ni mutumin Kaciya ne a kudancin Kaduna, ina zaune a Agege, Legas, da matata da yara uku. Da acaɓa nake yi, yawancin fasinjojina 'yan Ikeja. Ranar 1 ga Yuni 2022 dokar hana acaɓa ta fara aiki a ƙananan hukumomi shida har da Ikeja. Na yi taurin kai na ci gaba da shiga, aka kama babur ɗin, kuma ban gama biyan kuɗinsa ba. Laifina ne, ban ɗora wa kowa ba. Daga nan na koma dako a kasuwar Mile 12, ina sauke albasa da tumatir daga motocin da suka zo daga Arewa. Muna lallaɓawa haka har aka cire tallafin mai a Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500. Kuɗin mota daga Agege zuwa kasuwa ya fara cinye rabin abin da na samu. A 2023 ɗin kuma cuta ta faɗa wa citta a garinmu, yayana da nake jingina da shi ya tashi ba ko buhu.

Ga abin da ya sa na rubuto. Wata uku ke nan ban fitar da zakka ba, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da na samu da ake kai wa coci. Ranar sujada ina ɗaukar ambulan, in sa ɗan abin baiko a ciki, in jefa kamar kowa. Maman yara ba ta sani ba. Ita mace ce mai bangaskiya ƙwarai, 'yar Zumuntar Mata, ko ƙosai ta soya ta sayar sai ta ware na Allah kafin ta taɓa sauran. Kullum maganarta gwauruwar Zarefat a 1 Sarakuna 17, wadda ba ta da komai sai tafin gari da ɗan mai, amma ta fara toya wa Iliya, kuma tukunyarta ba ta ƙare ba har aka yi ruwa. In na yi ƙorafi sai ta ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci.

Ban ƙaryata ta ba, Baba. Na ga hannun Allah da idona. Akwai daren da muka kwanta ba mu ɗora tukunya ba, da asuba wani Bakano mai albasa da nake yi wa dako ya kira ni ya ba ni kwanon shinkafa, ban roƙe shi ba. Sai dai ni ma ina karanta Littafi Mai Tsarki. A Luka 4 Yesu da kansa ya ce gwauraye suna da yawa a Isra'ila lokacin yunwar nan, amma wurin guda ɗaya aka aiki Iliya. To, sauran fa? Su ba su da bangaskiya ne?

Haka maganar manna a Fitowa 16, abincin da Allah ya ba Isra'ilawa a jeji. Na yini ɗaya ake tarawa, wanda ya ajiye na gobe ya tarar da tsutsa. Na yarda. Amma mai gidan da muke haya ba ya karɓar na yini ɗaya, kuɗin shekara yake so a dunƙule, kuma wa'adin ya kusa. Kuɗin zakkar nan can nake tara su, cikin gwangwani a ƙarƙashin katifa. In na karanta Matiyu 6 a kan tsuntsaye da ba sa shuka ba sa girbi sai kunya ta kama ni. In na juya 1 Timoti 5:8, inda aka ce wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bi muni, sai in ga kamar daidai nake. Yusufu ma ai shekara bakwai ya yi yana tara hatsi a Masar, ba wanda ya ce masa marar dogara.

Wani dattijo a cocinmu ya karanta mana Malakai 3 kwanan baya, ya ce mai hana zakka ɓarawon Allah ne. Tun ranar ba na iya kallon bagade sosai.

Ku gaya mini gaskiya, Baba: gwangwanin nan hikima ce ko rashin dogara ga Allah? In fasa shi in kai coci in jira abin da Ubangiji zai yi da mai gida, ko in biya haya in riƙe zakkar a matsayin bashi? Kuma ta yaya zan buɗe baki in faɗa wa matar da take gode wa Allah kowace safiya don ya ba ta miji mai aminci?

Ɗanku cikin Ubangiji,
daga Agege, Legas.