Wasiƙa kan talabijin ɗinka da ya ƙi tashi

Aminina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Wata bakwai babu ko "yaya kake", sai da talabijin ya mutu ka tuna kana da aboki. Na yafe, amma na rubuta a littafin bashi.

Ka ce wai "ya ƙi kamawa kwata-kwata". Malam, wannan ai ba bayani ba ne. Ƴar jar fitilar nan da ke ƙasan allo nake son jin labarinta: a mace take, a kunne take ƙyam, ko ƙyaftawa take yi? Daga nan hanyar gyaran take rabuwa.

Kafin ka taɓa sukurudireba, zare fulogi daga bango, ka cire wayoyin HDMI da na dikoda da na eriya duka. Danne maɓallin da ke jikin talabijin ɗin na daƙiƙa 30, ka bar shi minti 2, sannan ka mayar da shi soket ɗin bango kai tsaye, ban da doguwar wayar nan mai ramuka shida da kake jibga wa komai. Gwada soket ɗin da cajar waya. Rimot kuma, saita bakinsa ga kyamarar wayarka ka danna. Mai lafiya za ka ga ɗan haske yana walƙiya, in kyamarar baya ba ta nuna ba ka gwada ta gaba. Sau da yawa batir biyu ne duk ciwon, mutum yana can yana neman mai gyara.

In fitilar a mace take, galibi laifin yana allon wuta, wato wanda wayar lantarki take shiga. Kwantar da talabijin ɗin rub da ciki a kan bargo, a wuri mai laushi kuma miƙaƙƙe, ka kwance bayansa. A nan ban da wasa. Akwai wani ƙaton kafasita, wato ɗan gwangwanin da ke ajiye wuta, mai rubutun 450V, yana iya riƙe sama da bolt 300 bayan an zare wuta. Auna shi da mitar auna wuta tukuna, in da sauran wuta ka sauke ta da razista, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, kada ka haɗa ƙafafunsa da bakin sukurudireba. Na san hannunka da ƙaiƙayi, uwargida ma ta sani.

Fara da fis, yana daf da inda wuta take shigowa, za ka ga an rubuta T3.15A ko T5A, 250V. Sa mita a wurin da take kuka in wuta na iya wucewa, ka taɓa bakinsa biyu: in ta yi kuka yana da rai. In ya tsinke, musamman in ya yi baƙi, to ba haka kawai ya ƙone ba, wani abu ne ya haɗe a gabansa, galibi dayod huɗun nan masu daidaita wuta, ko babban taransistan da ke manne da ƙarfen sanyaya, ko baristan da ke tare wuta in ta yi yawa. Ka sa sabon fis ba ka gano su ba, nan take zai sake tafiya. Kuma don Allah kada ka ɗaure wurin da zaren waya irin na mutuminka mai hular nan. Af, ya dawo fa, ya yi ƙiba, kuma har yau yana rantsuwa cewa shi ya ci wasan nan na ƙarshe. Ya ce in gaishe ka, in kuma tambaye ka jakarsa.

Ina muka tsaya? Kafasita. Duba ƙananan da ke ɓangaren fitar wuta, irin su 1000µF na 16V ko 25V. Kan mai lafiya a shafe yake sumul. Wanda ya lalace kansa yakan kumbura kamar murfin gwangwanin da ya ruɓe, wani har da ɗan tsatsa-tsatsa a tsagar. Zafi ne yake busar da ruwan cikinsa. Canza shi da mai lamba ɗaya, bolt ɗin daidai ko sama, mai jure 105°C, kuma ka lura da farin layin da ke gefensa, shi ne ƙafar nagatif. Ka juya shi, zai fashe maka a fuska. In duk sun yi kyau a ido, nemi fil mai rubutun STBY, wato wutar jiran kunnawa, a bakin wayar da ke tafiya babban allo, wanda ke sarrafa hoto da sauti, ka auna shi da mita a hankali, fulogi yana jone. Ya kamata ka samu bolt 5 ko 3.3, wasu sababbin Samsung kuma wajen 13. Adadin yana rubuce a jikin allon. Babu shi, allon wuta ne, ka sayi wani da lambar da ke kan takardar jikinsa, ba da lambar talabijin ɗin kaɗai ba.

Amma ni zargina ba can yake ba. Ka ce yara suna jin kamar sauti wani lokaci. In haka ne talabijin ɗinka a kunne yake, fitilun bayan gilashi ne suka mutu. Kashe wutar ɗaki, kunna shi, ka kara tocila daf da gilashin a karkace, kana danna menu. In ka hango rubutu dishi-dishi kamar inuwa, shi ke nan. Fitilun a jere suke kamar carbi, kowace tana cin bolt 3 ko 6, ɗaya ta tsinke layin duka ya mutu, allon wuta kuma ya kashe sauran don kariya. A canza layukan gaba ɗaya, don in ka canza ɗaya ƴan'uwanta suna nan tafe. Sai dai wannan aikin ba naka ba ne, sai an ɗaga gilashin, shi kuwa siriri ne ƙwarai, da ɗan lanƙwasa ya tsage, kuma tsagaggen gilashi ba ya gyaruwa. Bayan gyara a rage hasken baya zuwa 60 ko 70, barinsa a 100 ne yake cinye su.

In ƴar jar fitilar nan ƙyaftawa take, ƙirga sau nawa kafin ta huta. A Sony, shida yawanci fitilun bayan ne. In kuma ya tsaya a tambarin kamfani yana ta sake tashi, yawanci babban allo ne.

Turo min hoton takardar bayansa da na allon wutar, mai kyau, ba irin hotunanka na biki ba. Gai da uwargida da auta. Har yanzu tana tsoron kyanwar?

Naka har kullum.