Ƙorafi Ga Kamfanin Ɗaukar Hoton Ƙashi A Zariya

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Manaja.

Mu ma'aikatan lafiya ne masu duba karaya da ciwon gaɓɓai a garin nan. Mun sakaya sunan kamfaninku, amma hotunan da majinyata ke kawo mana daga wurinku sun sa dole mu yi magana a fili.

Babbar damuwarmu ita ce hoto ta fuska ɗaya. Ƙa'idar hoton karaya fuska biyu ce, ta gaba da ta gefe. Ƙashi kan goce ta baya, a gan shi miƙe sambal daga gaba, sai hoton gefe ya tona shi. Ku kuwa ɗaya kuke ɗauka, ku karɓi cikakken kuɗi. Idan dogon ƙashi ne, kamar ƙwauri, dole gaɓar sama da ta ƙasa su fito. Wanda babur ya murɗe wa idon sawu na iya samun wata karayar a siririn ƙashin da ke kusa da gwiwa. Kun yanke gwiwar daga hoton, ta ina za a gani? Irin wannan majinyacin ne ke cewa asibiti ba su ga komai ba, ya nufi wurin mai ɗori.

Sai gwiwar tsofaffi masu amosanin gaɓɓai. A tsaye ake ɗaukarta, nauyin jiki a kanta, don a ga yadda guringuntsi ya cinye har ƙasusuwa suka matso juna. In aka ɗauka a kwance, kamar yadda kuke yi, tazarar kan buɗe, gwiwar da ta lalace ta yi kama da lafiyayya.

Hotuna da yawa kuma babu alamar dama ko hagu, babu kwanan wata. Wasu sun yi baƙi ƙirin, wasu fari fat. Na waya da kuke turowa ta WhatsApp bai isa a ga tsagewa da shi ba.

Haka nan ma'aikatanku su daina ce wa wanda ya faɗi a kan tafin hannu "ba karaya". Akwai ƙaramin ƙashi a wuyan hannu, gindin babban yatsa, da tsagewarsa kan ɓuya a hoton farko, sai an maimaita bayan kwana 10 zuwa 14. Jijiyar gwiwa da ta tsinke ma ba ta fitowa a wannan hoton, aikin MRI ne, wato na'urar da ke nuna jijiyoyi da tsoka. Fassarar hoto aikin likita ne.

Kuma mata sun shaida mana ba a tambayarsu ko suna da juna biyu, ɗan rakiya mai riƙe yaro ba a ba shi rigar dalma mai kare jiki daga hasken na'urar.

Muna neman ku sake wa duk wanda aka yi wa fuska ɗaya hotonsa kyauta, ku kuma kafe lasisinku na NNRA, hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan na'urori a Najeriya, inda kowa zai gani. In ba a gyara ba cikin wata guda, za mu daina turo muku majinyata, mu kai takardar nan ga hukumar.

Wassalam,
Wasu likitocin ƙashi da masu gashin ƙashi, Zariya