Kun Zalunci Masana Kwamfuta a Shirinku na Daren Lahadi

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in nuna ɓacin raina game da shirinku na daren Lahadi, wanda kuka tattauna takaddamar gwamnatin Birtaniya da kamfanin Apple kan buƙatar gwamnatin ta a bar mata hanyar shiga bayanan da masu amfani da na'urorin kamfanin suka kulle. Baƙonku na farko ya kwashe kusan rabin lokacin shirin yana zargin masana kwamfuta da kare 'yan ta'adda, don kawai sun ce kada a tilasta wa kamfanoni su bar wa hukuma ɓarauniyar hanyar shiga saƙonnin da aka kulle, amma da injiniyan da kuka gayyato ya buɗe baki zai yi bayani, sai mai gabatarwa ya katse shi da cewa lokaci ya ƙure. Wannan ba adalci ba ne, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Ni ma'aikacin kwamfuta ne a wani asibiti mai zaman kansa, kuma ni nake kula da na'urorin da ake ajiye bayanan marasa lafiya a cikinsu. An taɓa fasa ofishinmu cikin dare aka yi awon gaba da kwamfutar tafi-da-gidanka wadda ke ɗauke da sakamakon gwajin jinin mutane masu yawa, har da matan aure da 'yan mata waɗanda fitar sirrinsu zai iya kashe aure ko ya hana shi. Da safe likita ya shigo jikinsa na rawa, na ce masa ya kwantar da hankalinsa, domin na kulle duk abin da ke cikinta, kuma ɓarawon ba zai ga komai ba sai tarkacen haruffa marasa ma'ana. Wannan kullewar ce baƙonku yake kira makamin miyagu.

Da kun bar injiniyan ya ƙarasa maganarsa, da masu sauraro sun ji cewa an daɗe ana wannan ja-in-ja. A 1993 gwamnatin Amurka ƙarƙashin Shugaba Bill Clinton ta fito da wata 'yar na'ura mai suna Clipper da za a riƙa sa wa wayoyi, wadda hukuma za ta riƙe mabuɗinta, amma a 1994 wani masani, Matt Blaze, ya gano yadda za a kauce wa tsarin, daga baya shirin ya mutu. A 2015 manyan masana, ciki har da Whitfield Diffie da Ronald Rivest waɗanda da aikinsu ake kare hada-hadar bankuna a intanet, suka fitar da rahoto daga jami'ar MIT ta Amurka suna gargaɗin cewa babu yadda za a ƙera ƙofar da jami'in tsaro kaɗai zai bi. Mabuɗin da ke buɗe kowane gida a unguwa, ranar da ya faɗa hannun ɓarawo kowa ya shiga uku.

Kuma abin da suka faɗa ya riga ya faru. A ƙasar Girka, tsakanin 2004 da 2005, wasu suka kutsa ta hanyar da aka tanadar wa hukuma domin sauraron kira, suka riƙa nadar maganganun firaministan ƙasar da manyan jami'ansa. A 2024 an gano masu kutse da Amurka ta alaƙanta da China sun shiga manyan kamfanonin sadarwarta, ciki har da tsarin da aka tanadar wa hukuma domin sauraron kira, har jami'an gwamnatin da kansu suka shawarci jama'a su koma amfani da manhajojin da ke kulle saƙo. To, idan Amurka da duk ƙarfinta ta kasa tsare irin wannan ƙofa, wa zai tsare ta? Ko a Birtaniyar da ake magana a kai, abin da matsin lambar ya haifar a watan Fabrairun 2025 shi ne Apple ya janye kariyarsa mafi ƙarfi ta kulle bayanai daga mutanen ƙasar, talaka mai gaskiya ne ya yi asara.

Baƙonku ya kuma kawo batun masu garkuwa da mutane a nan Arewa domin ya sosa mana inda yake mana ƙaiƙayi. Ni an taɓa sace ɗan ƙanwar mahaifiyata, kuma na zauna a ɗakin da ake cinikin kuɗin fansa. Da layin waya na gama-gari suka riƙa kira, wanda ba a kulle shi ba ko kaɗan, muka miƙa lambar inda ya kamata, amma sai da muka sayar da gona kafin ya dawo gida. Saboda haka kada wani ya ɗora wa masana kwamfuta laifin wannan masifa.

Ina roƙonku ku sake gayyato injiniyan nan, ku ba shi cikakken lokaci, ba tare da an riƙa tsoma masa baki ba. Sannan don Allah ku duba yawan tallar maganin gargajiya da kuke cusawa a tsakiyar shirye-shirye, wadda wani lokaci takan fi tattaunawar kanta tsawo, ga ƙarar kiɗanta da ke sa mutum ya rage murya sannan ya rasa farkon maganar baƙo idan an dawo.

Wassalam.

Mai sauraronku a kullum,
daga Zariya.