Wasiƙa daga Jidda kan dashen LibreSSL

Assalamu alaikum, ɗan'uwa,

Da fatan kana lafiya, kai da iyali. A gaishe min da Hajiya, a ce mata dabinonta yana tafe a hannun masu dawowa daga umara. Mu a Jidda lafiya lau, sai gumi, iskar Bahar Maliya ba ta barin riga ta bushe a jikin mutum.

Sau biyu na saurari saƙonka. Ka ce kana so ka cire OpenSSL, manhajar ɓoye bayanai, daga uwar garken makarantarku (kwamfutar da ke riƙe da bayananta) ka sa kishiyarsa LibreSSL, tunda ka ji an ce ya fi tsabta. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, kuma makonni uku da suka wuce ni ma na shiga wannan ruwan, shi ya sa na zauna na rubuto.

Maganar tsabtar nan gaskiya ce. A watan Afrilun 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, laburaren (wato tarin rubutun da wasu shirye-shirye ke aro) da yawancin intanet ke ɓoye bayanai da shi. Mutanen OpenBSD, wata babbar manhajar kwamfuta irin Linux, su Theo de Raadt, suka ɗauki kwafinsa suka sa masa suna LibreSSL suka shiga shara. A makon farko sun zubar da layi fiye da 90,000 na rubutun yaren kwamfuta na C, suka daina ɗaukar nauyin tsofaffin manhajoji irin su NetWare da OS/2 da VMS. Amma fa don gidansu suka gyara shi. Sai a watan Yuli suka fitar da wanda za a iya dasawa a Linux da sauransu. Ni dashe nake kiran aikin, don kamar shinkafa ne: ka tuge ta daga bedi ka kai wata fadama, ganyen shi ne, amma saiwa ce za ta gaya maka ko ƙasar ta karɓe ta.

Saiwar nan ita ce lambobin ƙuri'a, waɗanda ba wanda zai iya cinkarsu. Da su ake ƙera kowane mabuɗin sirri, kuma daga babbar manhajar kwamfuta laburaren yake roƙonsu. A OpenBSD kira ɗaya ne, getentropy, an ba ka. Linux na lokacin ba shi da wannan, sai dai a buɗe fayil ɗin /dev/urandom. Kwanaki kaɗan da fitowar dashen, wani mai bincike, Andrew Ayer, ya nuna cewa idan shiri ya haifi ɗa, wato ya kwafi kansa, ɗan ya haifi jika, kuma jikan ya dace da lambar shaidar kakansa, to su biyun lambobi iri ɗaya za su riƙa fitarwa. Lissafin ɓoyewar bai da aibu ko ɗaya, wurin haɗin ne ya yi yoyo. An toshe shi da sauri, kuma a shekarar Theodore Ts'o ya ƙara wa Linux kiran getrandom, wanda ya fito a sigar 3.17.

To ga nawa labarin. A ofishinmu akwai wata tsohuwar na'ura a ƙarƙashin tebur, ita ke riƙe da hotunan fasfo na masu zuwa umara. Na gina LibreSSL a kanta bayan Isha'i, duk gwaje-gwaje suka wuce lafiya, har na aika a sayo min ful da tamis. Ina cikin ci sai zuciyata ta ce duba sigar Linux ɗin. Ashe ta girmi 3.17, kuma shirin namu a keɓaɓɓen ɗaki yake aiki cikin na'urar, ba ya ganin sauran fayiloli, inda babu /dev/urandom ɗin ma. Na ajiye gurasar na buɗe fayil ɗin da ke nemo lambobin. Sai na ga tsani ne: ya gwada wannan, in ya ƙi ya sauka na ƙasa, a can ƙarshe kuma tsince-tsince yake yi na agogo da halin da na'urar ke ciki ya cakuɗa. Wallahi jikina ya yi sanyi. Fasfon nan na tsofaffi ne da suka sayar da gona da shanu don su ga Ka'aba, amanarsu tana wuyana. Ban bar ofis ba sai da na samar da fayil ɗin a ɗakin, washegari na sabunta na'urar gaba ɗaya.

Akwai kuma wahala ta sama, wato shirye-shiryen da ke jingine da laburaren. Yawancinsu da OpenSSL aka auna su, shi kuwa bai tsaya ba, ya sauya fasali a 1.1 sannan a 3.0 cikin 2021. Alpine Linux ya koma LibreSSL, a 2019 ya dawo OpenSSL. Void da Gentoo, wasu nau'ikan Linux, suka sauke LibreSSL a 2021 don sun gaji da faci. Yaren kwamfuta na Python ma daga sigar 3.10 OpenSSL 1.1.1 ko sama yake nema, kuma na san rajistar ɗalibanku da Python aka rubuta ta. Apple dai yana saka LibreSSL a macOS, a Windows ma yana ginuwa.

Ina ƙaunar aikin mutanen nan, rubutunsu yana karantuwa kamar allon gwani. Duk da haka shawarata ka bar uwar garken makaranta a kan abin da Linux ɗinka ya zo da shi, ka dage da sabuntawa. In son LibreSSL ya kama ka, samo tsohuwar kwamfuta ka zuba mata OpenBSD, ka gan shi a ƙasarsa.

Kafin ka taɓa komai, turo min sigar Linux ɗinku da sunayen shirye-shiryen da ke kanta. Ranar Juma'a ba ni da aiki, sai mu bi su ɗaya bayan ɗaya bayan La'asar ɗinku.

Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
daga Jidda