A tuna da Mabel Dove Danquah

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci kan wata baiwar Allah da aka haifa a nan Accra a 1905, wato Mabel Dove Danquah, wadda na tambayi 'yan matan ajina a Nima labarinta, suka yi tsuru-tsuru suna kallona, alhali dukkansu sun haddace sunan Kwame Nkrumah.

Tun farkon shekarun 1930 take rubutu a jaridar Times of West Africa da sunan aro na Marjorie Mensah, tana jan hankalin mata su nemi ilimi su kuma tsaya da ƙafafunsu, tana caccakar mazan da ke yi musu riƙon sakainar kashi. A cikin labaran da ta rubuta, wanda ya fi burge ni shi ne na wani basarake da matansa suka yi yawa, har ya ƙyalla ido ya ga wata mai rawa a wajen biki, ya aika da kuɗin aurenta, ashe matarsa ce da ya aura tuntuni ya manta da kamanninta. Abin dariya ne, amma dariyar mai ɗaci ce ga duk macen da ta zauna da kishiyoyi.

A zaɓen 1954 ta ci kujerar mazaɓar karkarar yankin Ga a jam'iyyar CPP ta Nkrumah, ta zama mace ta farko da aka zaɓa zuwa majalisar dokokin ƙasar nan. Ta rasu a 1984.

Da ma jaridarka za ta fassara wannan labari nata da Hausa, mu karanta wa iyayenmu mata a zango.

Wassalam.
Wata malamar makaranta, Nima, Accra.