A Waiwayi Gwanayen Barkwancin Talabijin na Birtaniya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina roƙon ku ba ni ɗan fili a jaridarku in yi magana a kan wasu mutane da na daɗe ina ganin ba mu ba su haƙƙinsu ba.

Duk inda aka ambaci barkwancin Turawan Ingila a wajenmu, suna ɗaya ne ke fitowa, wato Mista Bin. Ni ma ina ƙaunarsa. Na taɓa zama a teburin mai shayi da daddare, an kunna wasan nan nasa na ɗakin jarrabawa, inda ya jera alƙaluma rututu a gabansa, ya buɗe ambulan ya ga tambayoyin ba na fannin da ya karanta ba ne, ya dinga miƙa wuya yana leƙen takardar maƙwabcinsa, sai da lokaci ya kusa cika ya gane ashe akwai wata takardar a cikin ambulan ɗin. Rabin mutanen da ke wurin ba sa jin Turanci, amma har mai shayin sai da ya ajiye butarsa ya riƙe ciki. Abin da ke damuna shi ne yadda muke ɗauka cewa yamutsa fuska ce kawai. Rowan Atkinson, wanda yake fitowa a matsayin Mista Bin, injiniyan lantarki ne da ya yi karatu har jami'ar Oxford, kuma kashi 15 kacal aka yi na wannan shiri daga 1990 zuwa 1995. Kafin nan ya goge a wani shirin gajerun wasanni na BBC da aka fara a 1979. Shi ɗin reshe ne, bishiyar tana can baya, kuma ita nake so masu karatu su sani.

Gajeren wasan barkwanci, irin na minti uku zuwa bakwai, ya fi dogon fim wuyar tsarawa. Babu lokacin gabatar da kowa. Daga shigowar mutum, hularsa da tafiyarsa su ne za su gaya maka ko shi wane ne, kuma kalma ɗaya in ta zo da wuri ko ta makara, dariyar ta mutu.

Wanda ya fi nuna mini haka shi ne wasan kantin kayan aiki na shirin The Two Ronnies, wanda BBC ta nuna daga 1971 zuwa 1987. Mutum biyu ne masu suna ɗaya: Ronnie Barker, kakkaura, da Ronnie Corbett, ɗan gajere mai manyan tabarau. A wasan da suka yi a 1976, Barker ya shigo kanti da hular sanyi da takardar sayayya a hannu, ya ce a ba shi kyandir huɗu. Corbett, mai kanti, ya ɗauko kyandir huɗu ya jera masa a kan kanta. Mutumin ya ce a'a, ba su yake nufi ba. Ashe ƙotar shebur mai yatsu yake so. Talakawan Landan suna haɗiye harafin h in suna magana, sai Turancin kyandir huɗu da na ƙotar shebur suka koma iri ɗaya a kunne, kamar dai Bahaushe ya rubuta gari, ka rasa na tuwo ne ko na zama. Daga nan abin ya ci gaba. Ya nemi wani abu, aka kawo fartanya, ba ita ba. Aka kawo tiyon ban ruwa, ba shi ba. Ashe haruffan da ake mannawa a ƙofar gida yake so. Mai kanti ya jawo tsani, ya hau, ya sauko da akwatin haruffa, ya mayar, ya sauko. Mutumin ya sake faɗin wani abu mai kama da sunan harafi, mai kanti ya sake jawo tsani ya hau ya sauko, sai a lokacin ya ce ai wake na gwangwani yake nufi.

Na kalli wannan wasa tare da jikata a wayar mahaifinta. Turancinta bai kai ta kama wasa da kalmomin ba, amma ta fi ni dariya, domin ita fuskar Corbett take kallo. A karon farko yana fara'a irin ta mai neman ciniki. A karo na uku ya daina kallon mutumin. Can gaba sai numfashinsa kawai kake ji, da yadda yake dangwarar da kaya a kan kanta, yana gunaguni ƙasa-ƙasa. Shi kuwa Barker ko gezau, yana tsaye kamar bai san yana ƙona ran kowa ba. Duk wanda ya taɓa tsare shago ya san wannan abokin ciniki, kuma ya san wannan haƙuri da ke ƙarewa kaɗan-kaɗan.

Barker ne ya rubuta wasan, amma da sunan aro, Gerald Wiley. Tun a ƙarshen shekarun 1960 yake aika rubutunsa da wannan suna, domin yana so a karɓa ko a ƙi saboda kyan aikin, ba don ganin idonsa ba. Yakan zauna a wurin gwaji ana sukar rubutun a gabansa, bai ce uffan ba. Wannan hali ya ƙara masa girma a idona.

Barker da Corbett sun fara haɗuwa a talabijin ne a shirin mai gabatarwa David Frost na 1966, inda aka jera su tare da John Cleese, dogo mai hular manya, Barker a tsakiya, Corbett a ƙarshe da hular leburori. Kowa yana faɗin wanda yake rainawa da wanda yake girmamawa, yana duban sama ko ƙasa. Na ƙarshen ya ce shi abin da yake samu shi ne ciwon wuya. Cikin 'yan mintoci sun bayyana rarrabuwar dangi da arziki ta ƙasarsu fiye da yadda doguwar lacca za ta yi.

Sai Eric Morecambe da Ernie Wise, waɗanda a ganina su ne sarakunan abin. Tun suna yara suka haɗu, suka fara wasa tare a 1941, suka yi fiye da shekara 40 ba su rabu ba. Shirinsu na farko a talabijin, a 1954, ya faɗi warwas, har wani ɗan jarida ya rubuta cewa akwatin talabijin shi ne akwatin da aka binne su a ciki. Eric ya yanke wannan rubutu ya ajiye a walat ɗinsa har ƙarshen rayuwarsa. Shekara 23 bayan haka, a daren Kirsimeti na 1977, sama da mutum miliyan 20 ne suka zauna kallon shirinsu.

A shirinsu na Kirsimetin 1971 sun gayyato André Previn, wanda a lokacin shi ne jagoran babbar ƙungiyar makaɗa ta Landan, mutum mai daraja a duniyar kiɗa. Eric ne zai buga fiyano. Aka fara, bai iso kujerarsa a kan lokaci ba. Aka sake, ya ce murfin fiyanon ya tare masa gani, sai da babban jagoran ya yi tsalle sama don ya ga alamarsa. Da ya fara bugawa sai wani shirme ya fito. Previn ya fusata, ya ture shi, ya zauna ya buga yadda ya kamata, ya ce masa duk sautin da kake bugawa ba daidai ba ne. Eric ya miƙe a hankali, ya kama shi ta wuyan riga, ya gaya masa cewa shi fa duk sautukan daidai yake bugawa, jerin ne kawai ba lallai ya zama daidai ba. In ka duba bayansu za ka ga makaɗan kansu suna dariya ta gaske. Abin da ya sa wasan ya yi kyau shi ne Previn bai yi ƙoƙarin ba da dariya ba, ya tsaya a matsayinsa na mai gaskiya da aka ɓata wa rai. Haka Ernie ya yi duk tsawon rayuwarsa. Mutane sukan ce Eric ne mai ban dariya, shi Ernie ɗan rakiya ne, kuma ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Ganga ba ta tashi sai da mai amshi. Akwai kuma na uku da ba a gani, Eddie Braben, wanda yake zaune a gida shi kaɗai yana rubuta musu kowace kalma, har aikin ya taɓa lafiyarsa.

Matasa masu jin Turanci sun fi sanin ƙungiyar Monty Python, su shida har da John Cleese, da suka fara a watan Oktoban 1969 suka yi kashi 45. Ba duk wasanninsu ne suke shiga raina ba, wasu sun yi nisa da hankali. Amma na mataccen aku ba shi da na biyu. Cleese ya dawo da aku kantin da ya saya, ya ce matacce aka sayar masa. Michael Palin, mai kanti, ya ce hutawa yake yi. Cleese ya ciro tsuntsun, ya yi masa ihu a kunne, ya buga shi a kan kanta, ya nuna cewa da ƙusa aka kafe shi a kan sandarsa, mai kanti dai bai sauka daga maganarsa ba. Tushen wasan wani mai sayar da motoci ne da Palin ya yi hulɗa da shi, wanda ba ya taɓa yarda mota tana da matsala.

Ba zan ce komai nasu abin yabo ne ba. Benny Hill gwani ne a wasan da ba magana, kuma an nuna shi a ƙasashe da yawa, amma yawan bin mata marasa cikakkiyar sutura da gudu ya sa ba na kunna shi a gaban iyali, kuma ko a can gidan talabijin ɗinsa ya dakatar da shirin a 1989. Akwai kuma shirye-shiryen wancan zamani da suka mai da baƙar fata abin dariya, waɗannan ba na kewarsu. Mata ma sun daɗe a gefe kafin Victoria Wood ta zo da shirinta a 1985. Ita ce ta rubuta wasan tsohuwar mai kai abinci, wadda Julie Walters ta fito a matsayinta, tana jan ƙafa tana rawar jiki daga kicin zuwa tebur, kafin ta iso miyar duk ta zube daga kwanukan biyu.

Wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne Tommy Cooper, ƙaton mutum mai jar dara a ka, mai rufa-ido da kullum dabararsa ke wargajewa a hannunsa. Gaskiyar magana ya iya rufa-idon sosai, ɓata shi da gangan ne sana'arsa. A ranar 15 ga Afrilun 1984 yana kan dandamali a Landan, ana nuna shi kai tsaye a talabijin, sai ya sulale ya zauna. Jama'a suka fashe da dariya, sun ɗauka cikin wasan ne. Ashe zuciyarsa ce ta tsaya. Mako shida bayan haka Eric Morecambe ya gama wasa a wani ƙaramin gari, ya fita daga dandamali ya faɗi, shi ma bai tashi ba.

Yanzu ga dalilin da ya sa nake ganin wannan magana ta shafe mu. A shekarun 1960 da 1970 kaset ɗin ɗaukar shiri yana da tsada, don haka BBC takan goge tsohon shiri ta ɗauki sabo a kai. Ta haka mafi yawan shirin 'yan barkwancin nan Peter Cook da Dudley Moore ya salwanta, haka ma shirye-shiryen Morecambe da Wise na 1968. Amma kafin a goge, an riga an sayar da kwafin fim ga gidajen talabijin na ƙasashen waje, har da na Afirka ta Yamma. Wani mai farautar tsofaffin fina-finai, Philip Morris, shi ne ya bi sawu. A Jos ya gano kashi 9 na wani wasan kwaikwayo na BBC mai suna Doctor Who da suka ɓace, aka sanar a 2013. A wani tsohon gidan silima da aka yi watsi da shi a Saliyo ya gano kashi 2 na Morecambe da Wise, aka gyara su aka nuna a BBC a ƙarshen 2018, shekara 50 bayan an yi su. Ya kuma samo wani kashin a nan Nijeriya, zafi da daɗewa sun sa fim ɗin ya manne ya zama dunƙule, ba ya warwaruwa. Masana a wata jami'ar Landan suka yayyanka shi gunduwa-gunduwa, suka ɗauki hoton cikinsa da irin na'urar da ake binciken haƙori da ita, suka dinga tsamo hotunan ɗaya bayan ɗaya.

Da na karanta wannan labari sai na tuna da Samanja da marigayi Ƙasimu Yero, da yadda muke taruwa a gidan da ke da talabijin a unguwa, yara a ƙasa manya a kan benci. Jikata ta ga Corbett yana hawa tsani a 1976, hoto tangaran. Na so in nuna mata Samanja yana haɗa Hausa da Turancin bariki kamar yadda na gan shi, abin da na samu 'yan gutsattsari ne masu dishi-dishi.

Roƙona gare ku, Malam Edita, biyu ne. Ku ware wani fili a shafinku na nishaɗi, ko sau ɗaya a wata, a ɗauki gwani ɗaya daga cikin waɗannan mutane a ba da tarihinsa da Hausa, a warware wasansa guda ɗaya dalla-dalla, don matasanmu masu yin gajerun bidiyo a waya su ga yawan rubutu da gwajin da ke bayan dariyar minti biyar. Sannan ku tura wakilinku ya zagaya tsofaffin gidajen talabijin na Kaduna da Kano da Jos da Sakkwato, ya roƙi a buɗe masa ɗakunan ajiya, ya dawo ya gaya mana abin da ya rage a kan kantoci da halin da yake ciki.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Tsohon malamin makaranta, daga Zariya